Zauren Tambaya: Masu jiragen sama, kyautarsu da haƙƙin da ke kansu

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan magana ɗaya, don haka na ajiye tambayoyin biza da na Umara sai nan gaba. Masu jira su yi haƙuri. Ga waɗanda suka fara karanta mu kwanan nan: ni tsohon ejan ne na tafiye-tafiye a Birnin Kebbi, na sayar da tikiti tun ana rubuta shi da hannu a ɗan littafi mai jan kabon. Abin da na sani na harkar jirgi, a bakin kanta na koye shi, wurin ciniki da ba fasinja haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana cikin ɗaliban da yaƙin Sudan ya rutsa da su a 2023. Sun yi kwanaki a bakin iyakar Masar kafin a kawo su Abuja cikin dare a jirgin Air Peace. An ce mini mai jirgin ɗan ƙabilar Ibo ne, kuma bai karɓi ko kwabo ba. Har yau ina yi masa fatan alheri ban san ko wane ne ba. Don Allah wane ne shi, kuma da gaske kyauta ya yi?
Daga wata uwa a Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya sa ta ci moriyar karatunta.

Sunan mutumin Allen Onyema. An haife shi a Benin a 1964, amma asalin iyayensa Mbosi ne, a ƙaramar hukumar Ihiala ta jihar Anambra. Ba matuƙi ba ne, ba kuma injiniya ba. Lauya ne. Ya karanta shari'a a Jami'ar Ibadan, ya zama cikakken lauya a 1989, ya yi aikin a Legas, daga baya ya karkata ga kasuwanci. Inda sunansa ya fara fitowa sosai shi ne aikin sulhu. Yana da wata ƙungiya ta sasanta ƙabilu da ake kira FEHN a taƙaice, kuma bayan marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009, ƙungiyar tasa na cikin waɗanda aka ba aikin horar da masu ajiye makamai a sansanin Obubra, jihar Kuros Riba.

A 2013 ya kafa Air Peace, jiragensa suka fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2014. A lokacin kamfanin Arik ke riƙe da kasuwa, shi kuwa ɗan baya ne. Da bashi ya yi wa Arik katutu har AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basussukan bankuna da suka ƙi biyuwa, ta karɓe shi a Fabrairun 2017, sai fili ya buɗe, Onyema bai yi nawa ba ya cike gurbin. Abin da ya bambanta shi da da yawa daga cikin abokan sana'arsa shi ne ya yi odar jirage sababbi dal daga masana'anta, alhali mafi yawan kamfanoninmu da na hannu suke aiki. Na farkon samfurin Embraer E195-E2 daga Brazil ya iso masa a Janairun 2021. Ranar 30 ga Maris 2024 kuma ya fara tashi daga Legas zuwa filin Gatwick na Landan, ya sa kuɗin zuwa da dawowa daga naira miliyan 1.2 a ƙaramar kujera. Kamfanonin Turawa da suka daɗe suna cin karensu babu babbaka a wannan hanya, nan da nan suka fara sauke farashi. Duk ejan da ke aiki a lokacin ya ga haka a allon kwamfutarsa.

To, maganar kyauta. Ba a kan Sudan ya fara ba. A Satumban 2019, da rikicin ƙyamar baƙi ya sake tashi a Afirka ta Kudu ana ƙona shagunan 'yan Najeriya da sauran baƙi, ya fito ya ce duk mai son dawowa gida zai kwaso shi kyauta. Ya tura babban jirginsa Boeing 777 zuwa Johannesburg. Sawun farko ya sauka Legas ranar 11 ga Satumba da mutum 187, na biyu bayan mako guda ya kawo fiye da 300, jimla sama da 500. Ki tuna, Hajiya, jirgin ya tafi ne ba fasinja, tafiyar kusan awa shida, ya sha mai zuwa ya sha dawowa, ga kuɗin sauka da na ajiye jirgi a filin wata ƙasa, ga alawus ɗin ma'aikata. Majalisar Wakilai ta gayyace shi zaurenta ta yaba masa, daga baya aka ba shi lambar girma ta ƙasa.

Yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kuma galibin 'yan Najeriyar da ya rutsa da su a Khartum 'ya'yanmu ne na Arewa, masu karatun likita da Larabci da addini. Filin jirgin Khartum ya zama fagen fama, don haka sai a motocin bas aka fitar da su, wasu zuwa iyakar Masar, wasu zuwa Port Sudan. Onyema ya sake cewa idan aka kai su wata ƙasa maƙwabciya zai ɗauko su kyauta. Rukunin farko, mutum 376, ya taso daga Aswan ya sauka Abuja a daren 3 ga Mayu, mafi yawansu a jirgin Air Peace, ragowar a jirgin sojan sama. Da alama 'yarki tana cikin waɗannan. Bayan su jiragen Max Air da Azman da Tarco na Sudan sun yi ta sawu har aka kwaso fiye da mutum 2,000.

Saboda haka amsar tambayarki ita ce e, kyauta ya yi. Za ki ji masu cewa ai talla ce, ya sayi suna da man jirgi. Suna kam ya samu, ba wanda ya isa ya yi musu, kuma ɗan kasuwa ba ya rasa lissafi. Amma masu jirgi da yawa sun san wannan lissafin, ba su tura nasu jirgin Johannesburg ba. Wanda ya kamata ya ji kunya a wannan labarin shi ne ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, amma duk lokacin da 'ya'yanta suka maƙale a waje sai an zuba ido a ga wane attajiri ne zai ji tausayi. Ki ci gaba da yi masa fatan alherinki, ya cancanta.

TAMBAYA: Kawu, ni fa ban gane ba. Na karanta cewa ana neman wannan mutumin a Amurka kan zambar kuɗi. Yaya za a yi ta kiran mutum gwarzo alhali ana tuhumarsa? Ko dai kyautar ta rufe bakin mutane ce?
Daga wani matashi mai sayar da waya a Gusau.

AMSA: Ɗana, abin da ka karanta yana da tushe, kuma ba zan ɓoye shi don na yabi mutumin a sama ba.

A Nuwamban 2019, wata biyu kacal bayan kwaso mutane daga Afirka ta Kudu, masu gabatar da ƙara na gwamnatin Amurka a birnin Atlanta suka bayyana tuhumar da suke yi masa, shi da wata babbar jami'ar kuɗi ta kamfaninsa: zamba ta banki da halatta kuɗin haram, kuɗin da suka ce ya haura dala miliyan 20. Abin da suke zargi shi ne an buɗe takardun lamunin banki da sunan za a sayo jirage Boeing 737 guda biyar daga wani kamfani mai suna Springfield Aviation da ke jihar Jojiya, alhali a faɗarsu kamfanin nasa ne, kuma takardun cinikin na bogi ne. A Oktoban 2024 suka ƙara masa wata tuhumar, ta yunƙurin kawo cikas ga bincike. Shi kuwa tun ranar farko ya musanta. Lauyoyinsa sun ce kuɗinsa ne na halal, an sayo jiragen sun zo Najeriya suna aiki, kuma babu bankin da ya yi asara. Har zuwa lokacin da aka ƙara tuhumar bai gurfana gaban kotun ba.

Ga inda na tsaya. Tuhuma ba hukunci ba ce, kuma ba ni da hurumin kiran mutum ɓarawo alhali alƙali bai kira shi ba. Amma haka nan ba na tare da masu cewa duk hassada ce ta Turawa don sun ga baƙar fata ya taso. Wannan magana tana da daɗin faɗa a majalisar shayi, sai dai ba ta amsa ko tambaya ɗaya daga cikin waɗanda ke takardar ƙara. Kotu ce ke amsa su.

Zaton da ka yi cewa kyautar toshiyar baki ce, wannan shiga zuciyar mutum ne, ni kuwa ban iya ba. Abin da na iya shi ne raba littafi biyu. Littafin kyauta daban, littafin haƙƙi daban. Idan mutum ya ceci ɗiyar Hajiyar Argungu, an rubuta masa, ko da gobe kotu ta same shi da laifi ba za a goge ba. Idan kuma akwai amsar da shari'a ke bin sa, jirgi ɗari na kyauta ba zai biya ta ba. Mu nan mun saba haɗa su. Da zarar mutum ya gina masallaci ko ya raba shinkafa da azumi, sai tambayar inda ya samo ta zama rashin kunya. Wannan ɗabi'ar ta fi cutar da mu a Gusau da Birnin Kebbi fiye da duk abin da ke faruwa a Atlanta.

TAMBAYA: Malam, mu dai nan mun gaji da jin sunan mutum guda. Ina Ɗankabo? Ina Chanchangi da munka sani? Ina Mangal, wanda jirginai yak kai mu Makka? Ko namu ba su yi komi ba, sai na wasu ka iya kyauta?
Daga wani dattijo a Gummi.

AMSA: Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji. Ƙorafinka yana kan hanya, kuma ga shi na karɓa.

Tun Onyema yana ɗan makaranta, marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, a zamanin da Nigeria Airways ta gwamnati ta mamaye komai kuma ana ganin ɗan kasuwa mai zaman kansa ba shi da abin yi a sama. Daga baya manyan jiragensa Boeing 747 suka zama abin da alhazan Arewa suka sani. Ya rasu a 2002. Marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi, mutumin ƙasar Takum da ya yi zamansa a Kaduna, ya kafa nasa a 1994, kuma akwai lokacin da idan ka ce za ka Legas daga Kaduna ko Abuja, ba a tambayar ka wane jirgi. Har ya koma ga Allah a Afrilun 2017, abin da mutanen Kaduna suka fi tuna shi da shi ba jirgi ba ne: masallatai ne, da makarantun Islamiyya, da ɗawainiyar malamai da marayu.

A masu rai, Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina shi ne mai Max Air, wanda ya daɗe yana jigilar alhazai kafin ya shiga zirga-zirgar cikin gida a 2018. Gidauniyarsa ta yi suna wajen aikin tiyata kyauta a Katsina, cire yanar ido da aikin ƙaba da gwaiwa, kuma mutane na zuwa daga jihohin maƙwabta har da Nijar. Na san mutanen ƙasar Zamfara da suka tafi ana jan su da sanda suka dawo da ƙafarsu. Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina mai Azman ya buɗe jami'a a Kano, Alhaji Auwalu Abdullahi Rano kuma ya shigo da Rano Air a 2023. A Maris ɗin 2022, da aka kwaso ɗalibanmu da suka tsere wa yaƙin Yukiren, Max Air da Air Peace ne suka yi jigilar, sai dai wannan gwamnati ce ta biya, kada a lissafa shi a kyauta.

Me ya sa ba a jin nasu kamar nasa? Dalili biyu nake gani. Na farko, kyautarsa irin wadda kyamara ke so ce: jirgi ya sauka cikin dare, mutane na kuka suna rera taken ƙasa, manyan jaridu kuma a Legas suke, ƙofarsu ɗaya da shi. Tsoho da aka cire wa yanar ido a asibitin Katsina ba ya shiga shafin farko. Na biyu, tarbiyyarmu ta ce hannun dama ya bayar ba tare da na hagu ya sani ba, kuma da yawa daga cikin dattawan nan sun riƙe haka da gaske.

Amma Baba, da izininka zan ƙara da wata magana da ba lalle ta yi daɗi ba. Ɓoye sadaka abu ne mai kyau, rashin tsara ta kuwa matsala ce. Alherin da ke fita daga aljihun babbar riga, ba rajista ba amintattu ba wakafi, yakan bi mai shi kabari. Makaranta ta rufe, marayu su watse, magada su shiga rabon gado. Kamfanin ma haka: Kabo da Chanchangi duk sun yi tashe, yau ba ka ganin jiragensu a layin Abuja. Wanda ya kafa gidauniya mai ofis da ma'aikata da asusunta daban, kamar yadda wasu daga cikin na yanzu suka fara, shi ne ya yi dabara. Musulunci ya ba mu wakafi tun kafin Bature ya san gidauniya, Zamfara ma tana da hukumar zakka da wakafi. Amfani da shi ne ya yi mana ƙaranci.

TAMBAYA: Alhaji, ni 'yar kasuwa ce, ina saro kaya Legas. Idan har masu jiragen nan suna da kuɗin kwaso mutane kyauta, me ya sa tikiti ya fi ƙarfin talaka? Kuma ka biya kuɗinka a shanya ka a filin jirgi tun safe har la'asar, ba mai ce maka uffan. Wannan wace irin kyauta ce?
Daga wata hajiya a Jega.

AMSA: Hajiya, tambayarki ta fi duk na yau zafi, kuma rabinta ina tare da ke.

Bari in fara da rabin da ba na tare da ke. Ki ɗauki mai motar haya da ke lodin albasa daga Aliero zuwa Legas. A ce masa daga yau kuɗin lodi da naira za a biya shi, amma taya da batir da kayan gyara da inshora da kuɗin makanike duk da dala zai biya, kuma duk bayan wani lokaci dole ya kai motar gareji a wata ƙasa a kwance ta gaba ɗaya a sake ɗaurawa, ko ta lalace ko ba ta lalace ba. Haka mai jirgi yake. Babban garambawul ɗin da ake yi wa jirgi kamar duk wata goma sha takwas, yawancinsa a waje ake yi. Horon matuƙa a na'urar kwaikwayon tuƙi, da yawa a waje. Wanda ya ɗauko hayar jirgi, da dala yake biya duk wata. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin gyaran da aka yi wa tanadi ya ninka sau uku, jirgin da aka kai gareji a waje ya maƙale can.

Sai mai. Shi kaɗai yakan cinye kusan kashi 40 cikin ɗari na kuɗin gudanar da kamfani. A 2022 litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700 cikin 'yan watanni, har ƙungiyar masu jirage, wadda a lokacin Alhaji Abdulmunaf Sarina ke shugabanta Onyema na mataimaki, ta ce za ta ajiye aiki ranar 9 ga Mayu, kafin a lallashe ta ta janye. Kan kowane tikiti kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, na cire kashi 5 cikin ɗari, ban da kuɗin filin jirgi da na masu kula da sararin sama. Shi ya sa wannan sana'a ta zama maƙabartar attajirai. Kamfanonin jirage irin su Okada, Bellview, Sosoliso, Albarka, IRS, duk an yi an gama. Mai jirgi yana iya samun kuɗin tura jirgi ɗaya Aswan sau ɗaya a shekara, amma ba zai iya rage wa kowa kuɗin tikiti kullum ba tare da ya rufe ba.

Jinkiri ma wani ba laifinsu ba ne. Ke da kike Jega kin san hazon hunturu, ranar da ba a hango ƙarshen titi jirgi ba zai sauka filin Birnin Kebbi da ke Ambursa ko Sakkwato ba. Tsuntsu ya faɗa inji, an ajiye jirgin ke nan sai injiniya ya sa hannu. Wasu filayen namu kuma rana na faɗuwa an rufe.

Yanzu ga rabin da kike da gaskiya. Jinkiri yana iya zama ƙaddara, amma shiru ba ƙaddara ba ne, wulaƙanci ne. Na taɓa raka wasu dattawa masu zuwa asibiti filin jirgi, wani kamfani da ba zan ambata ba ya bar su a kan benci yini guda, ba bayani ba ko ruwan sha, daga ƙarshe wani yaro ya zo ya ce an soke tafiya kowa ya kama gabansa. A makon ne kuma na ga hoton shugaban kamfanin a jarida yana raba tallafi. Wannan shi ne abin da nake gaya wa ɗan Gusau: haƙƙi kafin kyauta. Fasinjan da ya biya kuɗinsa, da ma'aikacin da ke jiran albashi, su ne farkon masu bin mai jirgi bashi. Gwamnati ma ba ta tsira ba a nan. Nigeria Airways ta daina tashi a 2003, amma sai 2018 aka amince a fitar da naira biliyan 22 da 'yan kai don biyan wani ɓangare na haƙƙin tsofaffin ma'aikatanta. Da yawa sun rasu suna jira.

Ki san kuma cewa doka tana bayanki. Ƙa'idojin NCAA sun ce idan jinkiri ya yi tsawo a ba fasinja abin taɓawa da damar sanar da 'yan'uwa, idan ya wuce kima kina da ikon cewa kin fasa a mayar miki da kuɗinki, idan kuma dare ya yi a kan laifinsu su ba ki masauki. Tikitin cikin gida da aka saya ta banki ko ta intanet, cikin kwana 14 ya kamata kuɗin ya dawo. Kada ki yar da tikiti da katin shiga jirgi, ki ɗauki hoton allon da ke nuna jinkirin, ki nemi teburin jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA a filin, ki shigar da ƙorafi a rubuce. Hayaniya a kanta ba ta dawo da kuɗi, yaran da ke zaune wurin ba su da ikon komai. Takarda ce ke dawo da shi.

TAMBAYA: Baba, na gama sakandare da sakamako mai kyau, burina in zama matuƙin jirgi amma mahaifina manomi ne. Na ga wani shafi a Facebook da sunan shugaban wani kamfanin jirgi, an ce yana ɗaukar nauyin yara, a tura naira dubu ashirin kuɗin fom. In tura?
Daga wani ɗalibi a Zuru.

AMSA: Kada ka tura, ɗana. Ko sisi. Babu shugaban kamfanin jirgi da ke karɓar kuɗin fom ta Facebook. 'Yan damfara sun san sunan wanda ya yi suna da kyauta ya fi kowane tarko kama mutane, shi ya sa suke fakewa da su. Idan kamfani zai ɗauki yara horo, a shafinsa na ainihi da manyan jaridu yake sanarwa.

Hanyar gaskiya ga ta. Makarantar da aka sani ita ce Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi ta Zariya, NCAT, wadda aka kafa tun 1964, akwai kuma wata a Ilorin. Ana son kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da fizis. Kafin ka sa ranka, fara zuwa gwajin lafiya na matuƙa wurin likitan da NCAA ta amince da shi, domin matsalar ido, musamman rashin bambance launi, ko ta zuciya, tana iya tsayar da maganar tun daga tushe, gara ka sani kafin a sayar da gona. Karatun miliyoyin naira yake ci. Bayan lasisin tuƙi na kasuwanci, wanda ke buƙatar kamar awa 200 a sama, sai an sake biyan horo a kan samfurin jirgin da za ka tuƙa, kuma a nan ne yara da yawa masu lasisi suke maƙalewa a gida. Kujerar kyaftin kuwa sai ka tara aƙalla awa 1,500.

Ga ɗan manomi, ƙofa uku na sani. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, ka riƙa bibiyarta a Birnin Kebbi da takardunka a hannu. Makarantar horon hafsoshi ta NDA a Kaduna, ɓangaren sojan sama, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin komai idan ka ci jarrabawa aka zaɓe ka. Ta uku, ka shiga ta wata ƙofar: a Zariyar nan ana koyar da injiniyan gyaran jirgi, da masu ba jirgi umarni daga hasumiya, da masu tsara tafiyar jirgi, kuɗinsu bai kai na tuƙi ba, kuma ana neman su. Filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, wanda daga cikinsa jirgin farko na alhazan Najeriya na hajjin 2024 ya tashi ranar 15 ga Mayu, yana buƙatar irin waɗannan ma'aikata. Zamfara ma, da alhazanta suka shekara da shekaru suna bin hanyar Talata Mafara zuwa Sakkwato kafin su hau jirgi, ta aza harsashin nata filin a Gusau a Yunin 2024.

Ka kai wa mahaifinka dubu ashirin ɗin ya ƙara a kuɗin taki. Idan ka je gwajin lafiyar, rubuto mini abin da likita ya ce, sai mu duba wace ƙofa za ka fara ƙwanƙwasawa.